Hugh Thompson: Matuƙin helikwaftan da ya sauka tsakanin sojojin ƙasarsu da talakawan My Lai



In ana labarin jarumtar soja, yawanci abin da ake ƙirgawa shi ne gari nawa ya kama, abokan gaba nawa ya kashe, tauraro nawa ne a kafaɗarsa. Mutumin da zan ba ku tarihinsa yau bai kama ko ƙauye ɗaya ba, bai kuma zama janar ba. Sunansa Hugh Thompson, Ba'amurke ne, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta. Ranar 16 ga Maris 1968, a wani ƙauye na ƙasar Biyetnam, ya hango sojojin ƙasarsu suna karkashe mata da yara da tsofaffi. Sai ya saukar da jirginsa a gabansu, ya ce wa yaransa biyu su saita bindiga a kan 'yan uwansu sojoji.

Wannan saukar ba ta wuce 'yan mintoci ba. Ni abin da ya fi kama ni a rayuwarsa shi ne abin da ya biyo baya: shekara 30 yana tsaye a kan shaidar da ya bayar, mutanensa suna zagin sa, suna kiran sa maci amana, shi kuma bai canza magana ba.

Tasowarsa

An haife shi ranar 15 ga Afrilu 1943 a birnin Atlanta da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Ya tashi a Stone Mountain, wani ƙaramin gari kusa da Atlanta. Babansa mai aikin wutar lantarki ne, kuma tsohon sojan ruwa da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Ta wajen kakarsa yana da jinin Cherokee, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar, waɗanda Turawa suka kora daga gonakinsu. Gidansu gidan tarbiyya ne mai tsanani, 'yan coci ne, kuma abin da aka fi nanata wa yara shi ne kada su yi ƙarya, kada su tsaya kallo ana cin zalin mai rauni. Ku tuna fa a lokacin Jojiya na cikin jihohin da ake wariyar launin fata a fili, baƙi da makarantarsu, farare da tasu.

Ya gama sakandare a 1961, bai zarce ya yi digiri ba. Ya shiga sojan ruwa, aka sa shi a sashen gine-gine yana tuƙa manyan injuna irin su katafila. A 1964 ya fito, ya koma gida ya kama aiki a gidan da ake shirya gawa da jana'iza. Ina ganin wannan aikin ya bar masa wani abu a zuciya, don wanda ya saba ba gawa haƙƙinta da hannunsa ba zai ga an jibge mutane a rami kamar shara ya kau da kai ba.

A 1966 ya koma kaki, wannan karon a sojan ƙasa, saboda yana son tuƙin jirgi. A Amurka ba sojan sama kaɗai ke da jirage ba, rundunar sojan ƙasa tana da nata helikwaftocin da nata matuƙan. Ya yi horo a barikin Fort Wolters da ke Texas da na Fort Rucker da ke Alabama, ya fito da muƙamin warant ofisa. Ku riƙe wannan muƙamin, zai yi mana amfani a gaba: yana sama da saje, amma yana ƙasa da ƙaramin laftanar. A ƙarshen Disamba 1967 aka tura shi Biyetnam.

Yaƙin da ya tarar

Tun 1954, bayan an kori Faransa, Biyetnam ta rabu gida biyu. Arewa na hannun 'yan kwaminis ƙarƙashin Ho Chi Minh, Kudu kuma Amurka ke mara mata baya. A cikin Kudun akwai mayaƙan sunƙuru da ake kira Biyet Kong. Ba su da kakin da za a gane su, da rana manoma, da dare 'yan bindiga. A 1968 sojojin Amurka a ƙasar sun kai kusan rabin miliyan.

Ƙasa ce ta dazuka da fadamun shinkafa, hanyar mota kaɗan ce, ita ma cike da nakiya. Don haka helikwafta ya zama jakin wannan yaƙin. Shi ke kai soja, shi ke kai abinci da harsashi, shi ke kwaso masu rauni. Jirgin Thompson ƙarami ne, ana ce masa OH-23, mutum uku kawai yake ɗauka, gabansa duk gilashi. Aikinsa leƙen asiri, amma irin mai haɗari: ya yi ƙasa-ƙasa kusa da bishiyoyi don abokan gaba su harbe shi, da zarar sun harba sun nuna inda suke, sai manyan jirage masu ɗauke da makamai da ke bayansa su yi musu ruwan wuta. A taƙaice dai shi ne tsutsar da ake sa wa ƙugiya. Yaransa biyu ne: Glenn Andreotta, makaniken jirgin mai shekara 20, da Lawrence Colburn, mai riƙe mashinga, ɗan shekara 18. Shi kansa Thompson shekararsa 24.

A ƙarshen Janairu 1968 Biyet Kong da sojojin Arewa suka kai wani gagarumin farmaki a birane da dama lokaci ɗaya, ana tsakar bikin sabuwar shekararsu da suke kira Tet. Ran Amurkawa ya ɓaci ƙwarai. A lardin Quang Ngai akwai wani kamfanin sojan ƙasa da ake kira Charlie, ƙarƙashin Kyaftin Ernest Medina. Nakiyoyi da tarkuna sun yi ta cin mutanensu ba tare da sun ga wanda za su rama a kansa ba. Ranar 14 ga Maris wani sajensu ya mutu a irin wannan tarkon. Washegari da yamma Medina ya tara su ya ce gobe za a shiga My Lai, wanda ake furtawa Mi Lai, wata unguwa ce a ƙauyen Son My. Aka ce musu bataliyar Biyet Kong tana ciki, kuma wai da sassafe mutanen gari za su tafi kasuwa, saboda haka duk wanda aka tarar abokin gaba ne. Aka ba su umarnin ƙona gidaje, lalata abinci da kashe dabbobi.

Safiyar Asabar

Wajen ƙarfe 7:30 na safe jirage suka sauke sojojin. Babu bataliya a garin. Babu wanda ya harbe su. Abin da suka tarar mata ne suna dafa shinkafar karin kumallo, da yara, da tsofaffi. Duk da haka aka buɗe wuta. An harbe mutane a ƙofar gidajensu, an jefa gurneti cikin ramukan da suke ɓuya, an yi wa mata da 'yan mata fyaɗe, an ƙona bukkoki, har shanun noman da talakawan suka dogara da su ba a bari ba. Rukunin da Laftanar William Calley ke jagoranta ya tattara mutane da yawa ya kora su cikin wani lambatun ban ruwa a gefen gari, aka yi ta harbin su a ciki.

Thompson yana sama yana zagaye. Da farko bai gane abin da ke faruwa ba. Yana ganin masu rauni a cikin gonaki, sai ya riƙa jefa gwangwanin hayaƙi kore kusa da su, alamar a zo a ba su magani. Ya tafi ya sha mai ya dawo, sai ya tarar waɗanda ya sa wa alamar duk sun zama gawa. Sannan suka ga wata budurwa kwance da rauni, suka sa mata hayaƙi, suka tsaya a sama kusa-kusa suna kallo. Wani kyaftin ya zo ya taɓa ta da ƙafa, ya harbe ta. Medina ne. Daga baya ya ce wai ya zaci gurneti take ɓoyewa. Nan su ukun suka gane ashe alamar taimakon da suke jefawa ta koma alamar nuna wanda za a ƙarasa.

Da suka bi ta kan lambatun nan suka ga cike yake da mutane, wasu suna motsi. Thompson ya sauka. Ya tambayi wani saje ko akwai yadda za a taimaki waɗanda ke raye, sajen ya nuna masa cewa taimakonsu kawai a ƙarasa su. Calley ya iso. Suka yi musayar magana, laftanar ɗin ya nuna masa umarni yake bi, wannan ba huruminsa ba ne, ya koma jirginsa. Kuma a ƙa'idar soja Calley ne gaba da shi. Thompson ya tashi, ko nisa ba su yi ba Andreotta ya ga an ci gaba da harbi cikin lambatun.

Ba a jima ba suka hango wasu mutane wajen goma, har da ƙananan yara, suna gudu zuwa wani ramin ɓuya, sojoji na bin su a baya. Nan ne ya yi abin da ya sa har yau ake ambaton sunansa. Ya saukar da jirgin daidai tsakanin sojojin da ramin. Kafin ya fita ya ce wa Colburn da Andreotta su sa ido, in sojojin nan suka buɗe wa mutanen wuta yana ƙoƙarin fito da su, to su ma su buɗe musu. Ka duba fa, yaro ɗan shekara 18 aka ce ya saita mashinga a kan masu kaki irin nasa.

Ya taka ya je wajen laftanar ɗin da ke jagorantar su, Stephen Brooks, ya ce akwai fararen hula a ramin, a taimaka a fito da su. Wancan ya nuna masa cewa gurneti ne zai fito da su. Thompson ya ce ya tsayar da yaransa a inda suke, shi zai shiga. Ya je bakin ramin da kansa. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, kuma fatarsa da kakinsa iri ɗaya ne da na waɗanda suka kashe musu dangi. Da hannu da lallashi ya samu suka fito.

Sai wata matsala: jirginsa ba shi da wurin fasinja. Ya kira matuƙan manyan jiragen da ke rakiyarsa ta rediyo, Dan Millians da Brian Livingston. Jirgin yaƙi mai ɗauke da makamai ba ya sauka a fagen daga don ɗaukar mutanen ƙauye, ba aikinsa ba ne. Amma aka sauka, aka yi sawu biyu aka kwashe su zuwa wuri mai aminci, Thompson na tsaye tare da su har aka gama.

A hanyarsu ta komawa suka sake bi ta kan lambatun. Andreotta ya ga wani abu ya motsa. Suka sauka, ya kutsa cikin gawarwaki da jini, ya ciro wani yaro da ransa. Saboda ƙanƙantarsa sun zaci bai wuce shekara uku ko huɗu ba, ashe shekararsa 8. Suka kai shi asibiti a garin Quang Ngai.

Lissafin rundunar Amurka daga baya ya ce mutum 347 aka kashe a ranar. Gwamnatin Biyetnam ta ce 504 ne, an rubuta sunayensu a wurin tunawa da aka gina a ƙauyen. Makaman da aka samu guda uku ne kacal. Sojan Amurka ɗaya ne ya ji rauni, shi ma da bindigarsa ya harbi ƙafarsa.

Adalci ne a faɗi cewa ba duka sojojin Charlie suka yi harbi ba. Akwai waɗanda suka ƙi, irin su Michael Bernhardt da Harry Stanley. Sun kyauta. Amma wanda ya ƙi sa hannu daban, wanda ya shiga tsakani daban.

Rufa-rufa

Yana sauka a sansani, cikin fushi, ya kai ƙara wajen ogansa, Manjo Frederic Watke. Maganar ta kai ga Laftanar Kanar Frank Barker, mai kula da farmakin, aka aika ta rediyo cewa a dakatar da harbi. Thompson ya gaya wa limamin cocin bariki abin da ya gani. Bayan kwana biyu ya maimaita a gaban kwamandan birged, Kanar Oran Henderson.

To me aka rubuta? Sanarwar soja ta ce an yi ƙazamin artabu an kashe mayaƙan Biyet Kong 128. Babban kwamandan sojojin Amurka a ƙasar, Janar William Westmoreland, ya aiko da saƙon yabo. Binciken da Henderson ya yi ya ƙare a kan cewa fararen hula wajen 20 ne suka mutu bisa kuskure. Shi kuma Thompson aka ba shi lambar jarumta ta matuƙan jirgi, amma takardar da ta zo da ita ƙarya ce: wai ya ceci yaro ne a tsakiyar musayar wuta da abokan gaba. Ka ga dabara, in ya karɓa ya rataya, ya zama ya sa hannu a kan cewa an yi yaƙi a ranar. Ya yar da ita.

Aka ci gaba da tura shi aikin nan na tsokano wuta. Ranar 8 ga Afrilu, mako uku bayan My Lai, aka harbo jirgin da Andreotta ke ciki ya mutu. Shi ma Thompson an harbo jirginsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Faɗuwar ƙarshe ta karya masa ƙashin baya, aka kai shi asibiti a Japan. Da ya warke aka mayar da shi Fort Rucker yana koyar da tuƙi. Magana kamar ta mutu.

Asiri ya tonu

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani soja mai suna Ronald Ridenhour, wanda ba ya wurin amma ya ji labari daga bakin abokansa da suka yi aikin, ya yi ta tattara bayanai. A Maris 1969, bayan ya bar soja, ya rubuta wasiƙa ya aika wa 'yan majalisa da manyan gwamnati wajen 30. Aka buɗe bincike. Aka kira Thompson, ya ba da labari kamar yadda ya bayar a ranar farko, aka jera masa hafsoshi ya nuna Calley. A Satumba aka tuhumi Calley. A Nuwamba ɗan jarida Seymour Hersh ya fasa ƙwai, sannan hotunan da mai ɗaukar hoton soja Ronald Haeberle ya ɗauka da kyamararsa ta kansa suka fito a jaridu. Duniya ta ga gawarwakin mata da jarirai zube a kan hanya.

Rundunar ta naɗa Laftanar Janar William Peers ya yi bincike. Rahotonsa na Maris 1970 ya tabbatar an yi kisan gilla, an kuma ɓoye shi tun daga ƙasa har sama. Thompson na cikin manyan shaidunsa.

Nan za ka zaci ƙasa za ta ɗaga shi. Ina! Da aka kira shi majalisar wakilai, shugaban kwamitin harkokin soja, Mendel Rivers, ya fito yana cewa in akwai wanda ya cancanci hukunci a My Lai to Thompson ne, tunda ya juya bindiga a kan sojojin Amurka. Ya nemi a gurfanar da shi a kotun soja, abin bai yiwu ba. Wasiƙun zagi suka yi ta zuwa gidansa, ana kiran sa a waya cikin dare ana barazanar kashe shi, ya kan tashi da safe ya tarar an yar masa da mushen dabba a ƙofa. In ya shiga wurin shaƙatawar hafsoshi, sai mutane su miƙe ɗaya bayan ɗaya su bar masa wurin.

Mutum 26 aka tuhuma, wasu da kisa, wasu da ɓoye laifi. Ɗaya tak aka samu da laifi. Ranar 29 ga Maris 1971 kotun soja ta kama Calley da kisan mutum 22, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Sai ƙasar ta ɗauki zafi, amma don tausayin Calley. Saƙonni suka yi ta kwarara fadar shugaban ƙasa, har waƙar yabo aka yi masa faifan ya yi kasuwa. Shugaba Richard Nixon ya sa aka fitar da shi daga kurkuku aka mayar da shi ɗaurin talala a gidansa cikin barikin Fort Benning. Aka rage hukuncin zuwa shekara 20, aka sake ragewa zuwa 10, a 1974 aka sallame shi. An wanke Medina, an wanke Henderson. Kwamandan runduna, Manjo Janar Samuel Koster, rage masa tauraro ɗaya aka yi.

Mu da muka tashi a Kara mun san nauyin shaida. Ba wuya ka faɗi gaskiya in baƙo ne ya yi ha'inci a ciniki. Inda ake gane mutum shi ne ranar da mai ha'incin ɗan layinku ne, tare kuke cin abinci, kuma wanda aka cuta baƙo ne da ba zai taɓa amfanar ka da komai ba. Mutanen My Lai ba yarensa ba ne, ba addininsa ba ne, ba su da ƙuri'a a Amurka. Waɗanda ya tsaya shaida a kansu kuwa su ne abokan aikinsa da ogoginsa, masu sa hannu a takardar ƙarin girmansa.

Shekarun shiru

Duk da haka bai ajiye kaki ba. Ya samu shiga sahun cikakkun hafsoshi, ya kai kyaftin, ya yi aiki a barikoki daban-daban har da Koriya ta Kudu, ya yi ritaya a 1983 bayan kusan shekara 20 yana hidima. Ya zauna a jihar Luwiziyana yana tuƙa helikwaftan kamfanonin mai, yana kai ma'aikata rijiyoyin da ke cikin tekun Meziko. 'Yan uwanmu na Fatakwal da Warri sun san irin jiragen nan da ke tashi kullum zuwa cikin ruwa. Daga baya ya koma ofishin kula da tsofaffin sojoji na jihar, yana taimaka musu wajen neman haƙƙoƙinsu.

Kada a ɗauka waliyyi ne ko ƙarfe. Abin da ya gani bai bar shi ya yi barci lafiya ba. Ya sha fama da munanan mafarkai, ya faɗa shan giya, aurensa ya mutu fiye da sau ɗaya. Ya daina yi wa kowa maganar My Lai. Kuma abin da ya fi damun sa ba zagin da aka yi masa ba ne, a'a, waɗanda bai samu ya ceta ba ne, musamman na cikin lambatun nan.

A 1989 wani gidan talabijin na Ingila ya yi shiri a kan kisan, aka nemo shi ya yi magana. Wani malamin jami'ar Clemson, Farfesa David Egan, ya kalli shirin, ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta wa 'yan majalisa da janar-janar cewa a karrama wannan mutumin. Ya shafe shekaru yana wannan naci. Da rundunar ta amince, sai ta so a ba shi lambar a ɓoye a cikin ofis. Thompson ya ce bai yarda ba: sai a bainar jama'a, kuma sai tare da yaransa biyu.

Ranar 6 ga Maris 1998, a gaban bangon da aka rubuta sunayen sojojin Amurka da suka mutu a Biyetnam, a birnin Washinton, aka ba shi da Colburn lambar da ake kira Lambar Soja. Ita ce mafi girma da rundunar ke bayarwa a kan jarumtar da ba ta fafatawa da abokan gaba ba. Ta Andreotta, wanda sunansa ke jikin bangon, aka ba danginsa. Wannan karon takardar ta faɗi gaskiya: sojojin Amurka ne suke kashe fararen hula.

Bayan kwana goma, ranar da abin ya cika shekara 30, shi da Colburn suka koma My Lai. Sun haɗu da wasu daga cikin matan da suka tsira. Ya kan ba da labarin wata da ta tambaye shi me ya sa waɗanda suka yi kisan ba su zo tare da shi ba, ya zaci ramuwa take nufi, ashe so take su zo a yafe musu. Yaron nan na lambatu ma ya rayu, Colburn ya sake ganin sa bayan sama da shekara 30.

Daga nan makarantun horar da hafsoshi suka fara gayyatar sa, har da West Point ta sojan ƙasa, da ta sojan ruwa, da ta sojan sama. Mutumin da aka so a kai kotun soja shi ne ya koma yana koya wa ƙananan hafsoshi cewa umarnin kashe wanda ba ya ɗauke da makami haramtaccen umarni ne, ba a bin sa ko daga bakin wa ya fito. A 2004 aka sa sunansa cikin jerin fitattun matuƙan jiragen sojan ƙasa.

Ƙarshensa

Ciwon daji ya kama shi. Ya mutu ranar 6 ga Janairu 2006 a asibitin tsofaffin sojoji a Luwiziyana, yana da shekara 62. Colburn ya taso daga Jojiya ya zauna a gefen gadonsa har rai ya yi halinsa. An binne shi a garin Lafayette da cikakkiyar karramawar soja, helikwaftoci suka yi shawagi ta saman maƙabartar. Colburn ya bi shi a 2016. Calley kuwa sai a 2009 ya fito a bainar jama'a ya nuna nadama, ya mutu a 2024.

In ka sa a sikeli, mutum goma sha wani abu ya ceta da hannunsa, ɗaruruwa suka mutu, kuma kusan duk masu laifin sun tafi gida abinsu. Wani zai ce to me aka ci? Abin da aka ci shi ne ba a iya binne maganar ba. Ba don akwai wanda ya gani da idonsa, ya kai ƙara a ranar, ya ƙi karɓar lambar toshiyar baki, ya kuma maimaita magana ɗaya a gaban kanar da janar da 'yan majalisa ba, da wataƙila har yau abin da ke rubuce shi ne an kashe 'yan bindiga 128.

Mu mazauna Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan darajar mutum ɗaya da zai tsaya a bakin ƙofa ranar da gari ya rikice, ya ce wa nasa mutanen ba za ku taɓa waɗannan ba. Da yawanmu mun san irinsu a unguwanninmu. Amma tarihin Thompson ba ya tsaya a kan mu jira wani ya tsaya mana. Akwai ranar da ƙarfin zai kasance a hannun namu, mai raunin kuma ɗan wata ƙabila ne. Akwai kuma ƙannenmu da ke cike fom ɗin soja da na ɗan sanda duk shekara, gobe su ne riƙe da bindiga a ƙauyen da ba su san yarensa ba. Su nake so su san sunan wannan mutumin, su kuma san kuɗin da ya biya, don kada su zaci tafi ake yi wa mai irin wannan hali.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.